Shekara 14 ina tuƙi a Kaduna, a Ingila an ce in koma lana: ina mafita?

"Assalamu alaikum Malam. Wata bakwai ke nan da zuwana Ingila, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu a garin Lesta. Shekarata 14 ina tuƙi a Kaduna, lasisina na Najeriya bai ƙare ba, kuma na zo da na ƙasa da ƙasa. Aikin nan ba ya yiwuwa sai da mota, don a rana nakan zaga gida takwas. Wasu sun ce lasisina na shekara ɗaya ne kawai, wasu sun ce in na je gida hutu na dawo za a sake lissafi daga farko. Na samu wata ƙaramar mota zan saya, amma da na nemi farashin inshora a intanet sai aka ce fam 3,400 a shekara, ya ma fi kuɗin motar. Wani a zaurenmu na WhatsApp ya ce zai yi mini a fam 900. Don Allah a ba ni shawara."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a nema. In na fahimce ka, abu uku ne suka sha maka kai: iya lokacin da lasisin Najeriya zai ɗauke ka a nan, yadda za ka samu na ƙasar, sai kuma ko da hanyar da kuɗin inshora zai sauko ba tare da ka sayo wa kanka rigima ba. Sana'ata koyar da tuƙi ce a Bamingham, kuma da yawa daga cikin ɗalibaina irinka ne, hannu ya daɗe da faɗawa amma takarda ba ta da dogon rai. Abin da zan faɗa ya shafi Ingila da Wels da Sikotlan. Ailan ta Arewa hukumarta daban, wanda yake can sai ya bi tasu ƙa'idar.

Bari in fara da abin da ya fi gaggawa, domin kai hankalinka yana kan fam 3,400, ni kuwa nawa yana kan wata bakwai ɗin da ka ambata.

Wata 12 ne, kuma bakwai sun tafi

Waɗanda suka ce maka shekara ɗaya su ne da gaskiya. Wanda ya zo zama Birtaniya da lasisin Najeriya, ko Nijar, ko Gana, ko Kamaru, yana da damar tuƙa ƙaramar mota na wata 12, kuma ana ƙirgawa ne daga ranar da ya zama mazaunin ƙasar. Ba daga ranar da ya sayi mota ba, ba kuma daga ranar da ya fara tuƙi ba. Ko da ba ka taɓa sitiyari ba tun saukarka, kwanakin suna ta tafiya. Lasisin ƙasa da ƙasa da ka zo da shi fassara ce kawai ta lasisinka na gida, ba ya ƙara maka ko yini guda. Zancen a je gida a dawo kuwa, na sha jin sa a masallaci da wajen suna, kuma ba shi da tushe. Wannan lissafin na baƙo ne mai ziyara. Kai da kake da aiki da gidan haya da takardar zama, hutun mako uku a Kaduna ba ya mai da kai baƙo.

Akwai ƙasashen da Birtaniya ta yarda a musanya lasisinsu kai tsaye ba jarrabawa, irin su Kanada, Ostireliya, Japan, Afirka ta Kudu, Zimbabuwe da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Najeriya ba ta ciki, Saudiyya ma ba ta ciki. Na faɗi haka ne saboda 'yan'uwanmu da suka fara zama a Dubai kafin su iso nan, wanda ya ci jarrabawar tuƙi a can yana iya musanyawa. Amma kai hanyarka ɗaya ce: lasisin koyo, jarrabawar kwamfuta, sannan ta titi.

Ga inda lissafin yake matsewa. Saura maka wata biyar. Layin jarrabawar titi a shekarun nan ya kai mako 20 ko fiye a cibiyoyi da yawa, kuma ba a barin ka kama rana sai ka ci ta kwamfuta. Ma'ana ko yau ka fara, da ƙyar za ka tsallake kafin wa'adin ya cika, kuma wannan in ka ci a zama ɗaya ke nan. Kusan rabin masu zama jarrabawar titi faɗuwa suke yi. Ba don in tsorata ka na faɗa ba, sai don ka yi wa mai gidan aikinka magana tun yanzu, ku san yadda za a yi da zagayen gida takwas ɗin nan in aka samu giɓin wata ɗaya ko biyu.

Matakin farko ka nemi lasisin koyo daga DVLA, hukumar da ke Suwansi wadda ita ce mai ba da lasisi da rajistar motoci. Fam 34 ne ta shafin gwamnati na intanet, fam 43 ta gidan waya. Ka tabbata adireshin shafin ya ƙare da gov.uk, domin akwai shafukan 'yan kamasho da suke kama da na gwamnati, su cike maka fom ɗin da za ka iya cikewa da kanka su ninka maka kuɗi. Za a nemi shaidar izinin zamanka, wadda yanzu lamba ce da kake cirowa daga asusunka na biza a intanet. Katin da zai zo maka kore ne. Na cikakken direba ruwan hoda ne.

Mutane da yawa suna jan ƙafa a nan saboda tsoron cewa da zarar koren kati ya shigo hannu sun zama lana, sai da mai rakiya. Ba haka ba ne. Muddin kana cikin wata 12 ɗinka, kana nan a matsayin cikakken direba da lasisinka na gida: kai kaɗai a mota, ba alamar L, kuma kana iya hawa babbar hanya ta motowe. Ranar da wa'adin ya cika ne komai yake juyawa. Daga ranar, in ba ka ci jarrabawa ba, sai ka manna L gaba da baya, kuma sai da mutum a gefenka wanda ya haura shekara 21, ya kuma riƙe cikakken lasisin Birtaniya ko na ƙasashen Tarayyar Turai na shekara uku. Abokinka da shi ma lasisin Najeriya gare shi bai isa ya raka ka ba. Wanda aka kama shi kaɗai bayan wa'adi, laifinsa tuƙi ba bisa ƙa'idar lasisi ba ne, ana iya ɗora masa makin laifi uku zuwa shida a lasisinsa da tarar da za ta iya kai fam 1,000, kuma 'yan sanda suna da ikon ɗauke motar nan take.

Jarrabawa biyu, duka a hannun DVSA, hukumar da ke shirya jarrabawar tuƙi. Sharaɗin zama ko wacce shi ne ka yi kwana 185 a ƙasar cikin wata 12 da suka wuce, kai ka riga ka cika. Ta kwamfuta fam 23 ce. Tambaya 50 a minti 57, ana son ka ci 43. Sai kashi na biyu, gajerun bidiyo 14 na titi, kana danna maɓalli da zarar ka hango haɗari yana tasowa, ana son maki 44 cikin 75. Dole ka ci duka biyun a zama ɗaya, kuma takardar tana aiki shekara biyu. Tun 2014 aka daina yarda da tafinta, da Turanci ake yi ko harshen Wels. Kada ka raina ta don kana da shekara 14 a titi. Za a tambaye ka tazarar tsayawar mota a kan jiƙaƙƙen titi da ma'anar fitilun da ke jere a tsakiyar hanya da dare, abubuwan da ba wanda ya taɓa tambayar mu a gida. Ka karanta littafin dokokin hanya na ƙasar, ka yi ta gwaji a waya mako biyu ko uku, ka je ka zauna.

Me ya sa gwanaye suke faɗuwa

Jarrabawar titi fam 62 ce a ranakun aiki, fam 75 da yamma ko ƙarshen mako, kuma kamar minti 40 take ɗauka. Za a fara da sa ka karanta lambar mota daga nisan mita 20. In ka kasa, an gama ke nan tun ba ka kunna mota ba, don haka in kana da matsalar ido ka nemi tabarau tun wuri. Sai tambayoyi biyu kan lafiyar mota, sai tuƙi, wani sashe kana bin na'urar nuna hanya, sai nau'i ɗaya na ribas ko fakin. Ana yafe ƙananan kurakurai har 15. Babban kuskure guda ɗaya tak ya isa ya kayar da kai.

Na taɓa koyar da wani bawan Allah da ya yi fiye da shekara 20 yana jan babbar mota tsakanin Kano da Legas. Ranar farko da ya zauna a motata, yadda ya saki kuloci kawai na san ya fi ni hannu. Zai shigar da mota ramin da ni sai na yi gyara biyu. Sau uku yana faɗuwa. Na farko, ya fita daga gefen titi bai juya kansa ya dubi bayan kafaɗarsa ba, ga mai keke yana tahowa. Na biyu, a shataletale ya ga 'yar kafa ya cusa hancin mota, wanda ke zuwa daga dama ya taka burki. A wurinsa wannan ƙwarewa ce, ya auna ya ga zai wuce, kuma ya wuce. A wurin mai jarrabawa, duk sa'ad da ka tilasta wa wani ya rage gudu ko ya kauce, ka yi babban kuskure. Na uku, wata tsohuwa tana tsaye a bakin wurin tsallakawa mai zanen fari da baƙi, ya ɗan rage gudu ya wuce ta. Da ya fito ya ce mini, "Malam, ai ba ta sa ƙafa ba." A watan ne kuma wata ɗalibata, matar aure da ba ta taɓa riƙe sitiyari a gida ba, ta ci a zaman farko. Ita ba ta da tsohon hali da za a kankare.

Tuƙinmu na gida tuƙin ciniki ne. Ka nuna hanci, wancan ya nuna nasa, a yi ham, a ɗaga hannu, wanda ya fi ƙarfin zuciya ya wuce. Kuma yana aiki, domin kowa ya san kowa haka zai yi. A nan an riga an raba wa kowa haƙƙinsa a rubuce, kuma na gabanka ya dogara ne da cewa za ka bi rubutun, shi ya sa ba ya shirin kauce maka. Mai jarrabawa ba gwaninta yake nema ba. So yake ya ga kana kallo, kuma ya gani da idonsa cewa ka kalla: madubin tsakiya, madubin gefe, sigina, sannan motsi. Tsofaffin direbobi da wutsiyar ido suke duba madubi, shi kuwa bai ga kai ya motsa ba, sai ya rubuta.

Sauran halayen da nake fama da su wajen mutanenmu su ne taka kuloci a bar mota tana gangarawa, tuƙi da hannu ɗaya ɗayan yana kan giya, matse wa na gaba, da yin ham don gaisuwa ko tsokana. Akwai kuma kishiyar wannan, mutum ya tsorata ya riƙa rarrafe da mil 20 a titin mil 40, shi ma kuskure ne. Ka tuna gudu da mil ake auna shi ba kilomita ba: 30 a cikin gari sai in an rubuta wani abu daban, 60 a hanyar da ba a raba ta ba, 70 a motowe. A Wels tun Satumban 2023 yawancin titunan cikin gari sun koma 20. Sannan gyaran da aka yi wa dokokin hanya a Janairun 2022 ya ce in za ka karya kwana ka shiga wani titi, ga mai tafiya a ƙasa yana jiran tsallakawa, shi za ka ba hanya. Komawa hannun hagu kuwa, wanda kowa ya fi tsoro, shi ne mafi sauƙi, cikin mako guda jiki yake sabawa. Dattawanmu ma da hagu suka koya, sai a Afrilun 1972 Najeriya ta koma dama. Inda yake kama mutum shi ne da asuba a titin da ba kowa, ka fito daga gidan mai hankali yana wani wuri.

Shawarata ka ɗauki darasi, ko da awa 10 zuwa 15 ne. Awa ɗaya tana kamawa daga fam 35 zuwa 45 a yawancin garuruwa. Za ka ce mai sayar da kaya ne yake yabon kayansa, to ba a garinku nake ba, nemi wani a Lesta. Ka dubi gilashin gaban motarsa, malami mai cikakkiyar rajista koren bajo yake mannawa, mai neman ƙwarewa ruwan hoda. Wanda ba shi da ko ɗaya, doka ta hana shi karɓar kuɗin koyarwa. Ka ce masa ya yi maka jarrabawar gwaji tun ranar farko, kada ya tausaya maka. Game da zaɓin otomatik ko mai giyar hannu, in ka ci da otomatik ita kaɗai lasisinka zai ba ka damar tuƙawa. Tunda ka iya giya, yi da giya.

Ranar jarrabawa kuma ka kama ta da kanka a shafin gwamnati, duk nisan da ta yi, sannan ka riƙa leƙawa kana neman wadda wani ya saki. Masu sayar da rana a fam 200 ko 300 suna nan, kuma don su yi maka sai ka miƙa musu lambar lasisinka. Ni ba na ba wa ɗalibina shawarar ya yi.

Inshora: me ya kai ta fam 3,400

A gida mun saba inshora takarda ce da ake haɗawa cikin fatikula don a nuna a shingen hanya. Tad-fati, wato inshorar da take biyan wanda ka yi wa ɓarna kaɗai, naira 15,000 tun farkon 2023, kafin nan 5,000, kuma motar ake yi wa, duk wanda ya karɓi makulli ya ja. Mutum nawa ka sani da suka taɓa zuwa kamfani neman diyya? A kan yi sulhu a bakin titi, a tafi wajen mai gyaran bodi. A nan inshora tana ɗaure ne da mutum da mota tare. Wanda ba a rubuta sunansa a takardar ba, ba shi da inshora a motar, ko da ƙaninka ne uwa ɗaya uba ɗaya, ko da zuwa kanti ne ya dawo. Kuma kamfanin da gaske yake biya. In ka raunata mutum ya nakasa, diyyar ba ta da iyaka a doka, tana iya kai miliyoyin fam. Wannan nauyin suke saka wa farashi.

Su kuma ba su san ka ba. Shekara 14 ɗinka ba ta cikin kwamfutarsu. Abin da suke gani shi ne mutumin da ya shigo ƙasar wata bakwai da suka wuce, da lasisin waje, ba tarihin inshora, ba rangwamen da ake tara wa wanda ya shekara bai nemi diyya ba, ga shi a unguwar cikin birni inda haɗari da sata suka fi yawa, ga aiki mai yawan zirga-zirga. Ko wanne daga ciki yana ƙara kuɗi, sannan gwamnati ta ɗora harajin kashi 12 cikin ɗari. Saboda haka farashin da aka ba ka bai ba ni mamaki ba. Aikina koyarwa ne ba dillancin inshora ba, ba zan yanke maka adadin da za ka samu ba, amma ga abubuwan da na ga suna sauko da shi a hannun ɗalibaina.

Kada ka sayi motar tukuna. Ka ɗauki lambobin motoci huɗu ko biyar da ake tallarsu, ka gwada farashin ko wacce. An kasa motoci rukuni 1 zuwa 50, kuma ƙananan masu ƙaramin inji irin su Hyundai i10, Kia Picanto ko Toyota Yaris suna can ƙasa. Tsohuwar BMW ta fam 2,000 araha ce ranar saye kawai. Ka gwada shafukan kwatanta farashi fiye da ɗaya, irin su Confused.com, Compare the Market, GoCompare da MoneySuperMarket, domin ba kamfanoni ɗaya suke nunawa ba. Akwai kamfanonin da suka ƙware kan sababbin zuwa, Marshmallow na cikinsu, suna la'akari da shekarun tuƙin waje. In ka taɓa yin cikakkiyar inshora a gida, nemi kamfanin ya rubuto maka wasiƙa da Turanci cewa ba ka taɓa neman diyya ba, wasu suna karɓa. Ka sa ranar farawa nan da mako uku maimakon gobe, mai gaggawa tsada ake yanka masa. Kada ka ɗauka tad-fati ce mafi araha, sau da yawa cikakkiyar inshora ta fi ta sauƙi, saboda kamfanoni sun lura masu yawan haɗari ne suke rububin tad-fati. Na'urar da ake maƙala wa mota tana lura da tuƙinka ita ma tana rage kuɗi, sai dai ka karanta sharuɗɗan, domin wasu suna rage maki kan tuƙin dare, kai kuma wataƙila aiki ya fitar da kai da dare wani lokaci. Za ka iya ƙara kason da kai za ka fara biya daga aljihunka in an yi haɗari, wanda suke kira ekses, amma kada ka rubuta adadin da ba ka da shi a ajiye.

Biyan wata-wata kuma bashi ne. Kamfani ya biya maka na shekara, kai kana mayarwa da kuɗin ruwa a kai. Wanda yake gudun ruwa saboda addini ya san da wannan, ya yi ƙoƙarin biya gaba ɗaya, ko ta adashi ko rance daga 'yan'uwa. Hukuncin sauran na malamai ne, ni dai na gaya maka yadda abin yake.

Akwai tambaya ɗaya a fom ɗin da ta shafe ka kai tsaye: me za ka yi da motar? Zaɓi na farko harkokin gida da ziyara. Na biyu ya haɗa da zuwa wurin aiki guda ɗaya da dawowa. Kai ba ɗaya daga ciki da ya ishe ka. Mai zagaya gidaje takwas yana amfani da mota ne a cikin aikin kansa, sai ya zaɓi na harkar aiki, wanda suke rubutawa bizines. Masu aikin kula da tsofaffi da yawa suna faɗawa wannan ramin ba da niyya ba, sai an yi karo a ƙofar gidan wata tsohuwa, kamfani ya tambayi inda za ka, ka faɗi gaskiya, su ce ba su san da wannan ba. Ƙarin kuɗinsa sau da yawa ba shi da yawa. In kuma wata rana ka yi sha'awar kai abinci ko kaya don ƙarin na cefane, wannan inshorarsa daban ce gaba ɗaya.

Mutumin fam 900

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda zai sauko da fam 3,400 zuwa 900 ba rangwame ya samo ba, bayananka ya canja. Irinsu dillalan bogi ne, kuma baƙi sababbin zuwa su ne kasuwarsu, galibi ta hannun wanda yake jin yarenka, ya kira ka ɗan'uwa. Hanyarsu uku ce. Ko dai ya ƙirƙiro takarda a kwamfuta wadda ba ta da asali. Ko ya sayi inshora ta gaske da sunanka amma ya rubuta kana zaune a wani ƙauye mai nisa, shekarunka 55, lasisinka na Birtaniya ne tun tuni, kana da rangwamen shekara tara. Ko kuma ya saya da gaskiya, ya turo maka takarda, bayan kwana kaɗan ya soke ya karɓe kuɗin.

Wani ɗalibina ya zo darasi wata safiya a ƙafa, idonsa ja. Daren jiya 'yan sanda sun tsayar da shi a hanyar dawowa daga aiki. Bai yi gudu ba, bai tsallake danja ba. Kyamarar motarsu ce ta karanta lambarsa, ta duba rumbun bayanan inshora na ƙasa, ta ga babu. Ya buɗe waya ya nuna musu takarda mai tambari da komai. Ɗan sandan ya kira kamfanin a gabansa, aka ce an soke ta wata biyu da suka wuce. Aka ɗora motar a kan babbar mota, shi kuma ya tsaya a bakin titi da jakar abincinsa yana neman tasi. Da ya kira dillalin, lambar ba ta shiga.

Mafi ƙarancin hukuncin tuƙi ba inshora shi ne tarar fam 300 da maki shida. In ta kai kotu, tarar ba ta da iyaka kuma ana iya hana ka tuƙi. Kuɗin ɗauke mota da na ajiyarta kullum kai za ka biya, kuma ba za a sake ta ba sai ka kawo inshora ta gaskiya, wadda yanzu ta ƙara tsada saboda makin. Cewa yaudarar ka aka yi ba ta wanke ka. Makin yana zama a lasisi shekara huɗu, kamfanoni kuma sukan tambayi na shekara biyar. Ga wata doka ta 1995 da ta shafi sababbin direbobi: wanda ya tara maki shida cikin shekara biyu da cin jarrabawa, an soke lasisinsa, ya koma kore, ya sake duka jarrabawa biyun. Makin da ka samu kafin ka ci yana biyo ka, don haka mai shida a ajiye, ƙaramin laifi ɗaya ya rage masa. Riƙe waya a hannu kana tuƙi shi kaɗai maki shida ne da fam 200. Sannan duk abin da kotu ta yanke maka sai ka bayyana shi ranar da za ka cike takardun zama na dindindin ko na zama ɗan ƙasa. Nauyinsa a can lauyan shige da fice ne zai auna maka, amma ba abin da mai bizar aiki zai so ya gani a fayil ɗinsa ba ne.

Gane su ba wuya. Dillali na gaskiya yana cikin rajistar FCA, hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi, kana iya duba sunansa a shafinsu kyauta. Ba ya karɓar kuɗi ta asusun wani mutum, ba ya aiki da lambar WhatsApp kaɗai. Bayan ka saya kuma ka sa lambar motarka a shafin askMID, mai duba rumbun bayanan inshora na ƙasa, ka ga ko ta fito, sannan ka karanta takardar layi-layi: suna, adireshi, ranar haihuwa, irin lasisi, ranar shigowa ƙasa, sana'a.

Wata dabarar da za a kawo maka, kuma masu kawo ta da kyakkyawar niyya suke yi, ita ce wani da ya daɗe a ƙasar ya yi inshorar da sunansa a matsayin babban direba, a saka ka a matsayin na biyu, alhali kai ne mai motar kullum. Wannan zamba ce a dokarsu, kuma ku biyu za ta shafa. Juyin sa halal ne: kai ne babban direba, ka ƙara wani mai tsohon lasisi wanda da gaske zai riƙa taɓa motar lokaci-lokaci, wannan yakan rage kuɗi. Haka batun adireshi, inda motar take kwana shi za ka rubuta, ba gidan yayanka na bayan gari ba. Kamfani ba ya bincike sosai ranar da yake karɓar kuɗinka, sai ranar da zai biya. In ya soke maka inshora saboda ƙarya, kusan duk fom ɗin da za ka cike nan gaba zai tambaye ka ko an taɓa soke maka.

Kafin ka biya kuɗin motar, sa lambarta a shafin gwamnati ka ga tarihin gwajin lafiyarta na MOT, wanda ake yi wa duk motar da ta haura shekara uku, kowace shekara. Kyauta ne, kuma zai nuna maka mil ɗin da ta ci da abin da aka taɓa kama ta da shi. Ka ga takardar rajistar mota V5C da idonka, sunan da adireshin su dace da mai sayarwa. Harajin hanya ba ya bin mota zuwa sabon mai ita, sai ka biya naka, kuma inshora ta fara aiki kafin ka juya makulli. In za ka riƙa shigowa tsakiyar Bamingham ko Landan, duba ko injin ya cika sharaɗin hayaƙi, in ba haka ba fam 8 ne kullum a nan, fam 12.50 a Landan, kuma tsofaffin masu dizal ne suka fi faɗawa.

A fom za ka rubuta lasisin da kake tuƙi da shi a yau, wato na waje, ka kuma tambayi kamfanin tun kafin ka biya: in wata 12 ɗina suka cika, ko na ci jarrabawa, me zai faru da wannan inshorar? Wasu za su gyara su ci gaba, wasu ba sa ɗaukar mai lasisin koyo. Ranar da ka ci, in sha Allahu, mai jarrabawa zai karɓi koren katin ya ba ka takardar shaida, ruwan hodan ya biyo ta gidan waya, kuma kana iya tuƙi tun daga lokacin. Amma kafin ka bar harabar, kira kamfanin inshora ka gaya musu lasisi ya canja. Kada ka yi mamaki in kuɗin ya ɗan motsa sama, a idonsu ranar aka haife ka a titi. Sai ka shekara ba ka nemi diyya ba za ka ga saukowar farko, kuma mako uku kafin ta ƙare ka koma shafukan kwatantawa, kada ka bari ta sabunta kanta.